Jar Fitilar da Ba Ta Amsawa

"...to shigo mana, ka tsaya ka sakar mini ƙofa a buɗe kamar kai kake faskaro mini itace. Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Mummu. Gaishe ki na zo yi."

"Gaisuwa? Kai? To lalle wani ya rasu, ɓoye mini ake yi."

Nolan ya kakkaɓe dusar ƙanƙarar da ke takalmansa, ya sunkuyar da kai ya shiga kicin ɗin kakarsa, don ba a yi ƙofar gidan domin dogaye irinsa ba. Asabar ce da hantsi, farkon lokacin farautar barewa. Mazan garin Tapiola duk sun kwashi bindigogi sun shige daji, shi ma akori-kurarsa tana waje shaƙe da kaya, abokansa suna jiransa a sansani. Ba don uwarsa ba, da tuni ya yi nisa.

Tun da sassafe uwar tasa, Lorna, ta kira shi daga birnin Green Bay. An sami ɗaki a gidan kula da tsofaffin da ke kusa da ita, kuma ranar Litinin ake son amsa. "Ka biya ka duba mini kakarka da idonka," in ji ta. "Ka ga ko tana amfani da fitilar nan da na aika mata. In ka ga alamar ta fara ruɗewa, kada ka rufe ni. Ba zan bar ta ta sake yin hunturu ita kaɗai a dajin nan da rabin hankali ba." Haka kawai aka mai da shi ɗan leƙen asiri a gidan da ya koyi tafiya, abin kuwa ya tokare masa rai tun daga hanya.

Kakar tasa, Lempi, tana tsaye gaban tebur, 'yar ficiciyar tsohuwa da ta haura tamanin. Ciwon gaɓoɓi ya lanƙwasa mata yatsu, ya sa gwiwoyi sun kumbura, amma bai taɓa kusantar harshenta ba. Burodi mai zaƙi da suke kira nisu ne jere a gabanta, yanzu ta fito da shi daga tanderu, ƙamshinsa ya cika ɗakin. Nolan ya miƙa hannu, ta make shi da tsumma.

"Cire hannunka! Na mutanen coci ne."

"Ni ba mutum ba ne?"

"Ana kan bincike. Wannan riga mai ruwan lemo fa? Kada dai ka ce mini farauta za ka."

"Farauta za ni."

"Allah sarki. Ka gaishe mini da bareyin. Na ji bara har taro suka yi, suka naɗa ka sarkin masu kare lafiyarsu."

"Bara fa saura kaɗan in kayar da wani ƙato, Mummu. Ƙahonsa kamar haka."

"Saura kaɗan! Ai shi muke ta ci tun bara. Saura kaɗan da dankali, saura kaɗan da albasa, har ya gundure ni. Kakanka kan fita da safe, kafin gahawa ta huce ya dawo da nama a kafaɗa. Kai kuwa sunansa kawai aka laƙa maka a tsakiyar naka. Reino na jabu."

"A zamaninku ai barewar ce ke zuwa har ƙofa ta ƙwanƙwasa. Tsohuwa mai ran ƙarfe, ke da kika ga ranar da aka haƙa babban tafkin nan."

"Na gani mana. Kuma ko a ranar ban ga malalaci irinka a cikin masu haƙan ba."

Ta zuba masa gahawa ba tare da ya roƙa ba, ta tura masa kofin, ta janye burodin can ƙarshen tebur inda hannunsa ba zai kai ba. Ya kurɓa, yana satar kallonta. Ba abin da ya gani sai kakarsa yadda ya san ta. Hankalinsa ya ɗan kwanta, ya yi tambayar da aka aiko shi da ita kamar ba komai.

"Ina fitilar taki?"

"Wace fitila? Gidan nan cike yake da fitilu."

"Jar nan, ta ciwon gwiwa."

"Oho, amaryar uwarka. Tana hutawa."

Wani faffaɗan allo ne da tsayinsa ya kai ƙugun mutum, cike da ƙananan ƙwayaye masu jan haske, har da waɗanda aka ce ido ba ya ganin haskensu, sai dai fata ta ji ɗuminsu. Yanzu kowa ya rantse da ita, daga masu ciwon baya har masu gudun tamojin fuska. Lorna ta aiko da ita ne a madadin sauna, ɗakin wankan tururi inda ake watsa ruwa a kan duwatsun da aka gasa da wuta. A ƙarshen hunturun bara Lempi ta zame a kan hanyar saunar da rungumin itace a ƙirji, ta kwanta cikin ƙanƙara har sai da mai kawo wasiƙu ya hango ta. Lorna ta zo a fusace, ta garƙama wa ɗakin kwaɗo, ta damƙa wa Nolan makullin ta ce ya ɓoye. A wajen mutanen Tapiola kuwa, ka kulle wa tsoho saunarsa, kusan ka kulle masa coci ne. Ɗan ɗakin katakon yana can gangaren gida, bakin rafi, Reino ne ya gina shi da hannunsa tun kafin ya gina gidan kwanansu. Rabon da bututunsa ya ga hayaƙi tun ranar faɗuwar.

"A ina take hutawar?"

"Kai ɗan sanda ne? Mai gadin kurkuku, ka riƙe makullinka ka bar ni da kayana."

Ya tashi ya leƙa falo. Bayan murhun itace ya hango wani abu a jingine, an lulluɓe shi da bargon da Lempi ba ta yarda kowa ya taɓa, har an ɗora masa ƙaramin matashi.

"Mummu, me ya sami fitila har da bargo?"

"Mura take yi. 'Yar birni ce, sanyinmu bai karɓe ta ba."

Ya yaye bargon, ya jona wayar a bango, ya danna. Shiru. Ya sake dannawa, ya bubbuga gefenta. Da ya ɗan karkata ta zai duba baya, sai ruwa ya tsiyayo daga ƙasanta ya jiƙa masa safa, wani ƙauri-ƙauri ya biyo baya.

"Ruwa ne a cikinta!"

"Gumi ne. Kai ma da kana aiki da ka san shi."

"Mummu."

"Rufi ne ke yoyo."

"Ni na gyara rufin nan da bazara."

"Ka ga ka amsa wa kanka."

"Ko ɗigo ba ya yi, na duba."

"To kyanwa ce."

"Kyanwarki ta mutu tun ina makaranta."

"Kai dai ba ka da kunya, ka zo gidan tsohuwa kana tuna mata mamatanta. To hotonka ta gani a bango ta fashe da kuka, na yi lallashi ta ƙi."

Da wata rana ce, da Nolan ya yi dariya har ya riƙe ciki. Yau kuwa dariyar ba ta zo ba. Abin lantarki cike da ruwa, a lulluɓe da bargo kusa da murhu, ga tsohuwa tana kawo zance ɗaya bayan ɗaya. In ba wannan ce alamar da uwarsa take nufi ba, to wace ce? Ya dawo kicin ya zauna, ya gyara murya.

"Mummu, yau wace rana ce?"

Lempi ta ajiye tsumman hannunta. Ta dube shi daga sama har ƙasa, irin kallon da take yi wa kifin da aka ce mata na yau ne.

"Au! Ashe abin da ya kawo ka ke nan. Uwarka ta aiko ka ka auna mini hankali. An rasa wanda za a aika awon hankali sai wanda bai taɓa riƙe nasa ba."

"Tambaya ce kawai."

"Yau Asabar. Jiya Juma'a. Kai ne Nolan, ɗan Lorna, wanda ya lashi ƙarfen famfo ranar da ake tsananin sanyi, harshe ya manne, sai da na zo da ruwan ɗumi. Kai ne ka kai yarinyar mutane kamun kifi a kan daskararren tafki, motarka ta nutse har taya, ita ta tuƙo ku gida, daga nan ba ta sake ɗaga wayarka ba. In ci gaba?"

"Ya isa."

"Ai ban fara ba. Akwai na ranar bikin..."

"Na ce ya isa, na yarda! Hankalinki ya fi nawa."

"Wannan ba yabo ba ne."

Itace ya fashe a cikin murhu. Nolan ya juya kofinsa a kan tebur, ya ga ɓoye-ɓoyen ba shi da amfani, ya faɗa mata gaskiya: an sami ɗaki a Green Bay, Litinin ake son amsa, kuma abin da ya faɗa wa uwarsa yau shi za a bi.

Lempi ba ta yi mamaki ba. Ta jawo kujera ta zauna a hankali, tana dafe da gwiwa, ta juya fuskarta wajen taga, inda ake hango rufin saunar ya yi fari.

"A can ɗin akwai duwatsu?"

"Akwai masu jinya, akwai lambu. An ce har da irin fitilar nan suna da ita."

"Na tambaye ka duwatsu."

"Babu."

"To." Ta shafa yatsunta. "Asabar ɗin da ta wuce ne. Na ja fitilar na kai banɗaki, na rufe ƙofa don ɗumin ya taru. Na zauna a kan 'yar kujera, na tsoma ƙafafuna a bokitin ruwan ɗumi. Ludayin kakanka yana ciki, na katakon nan, shi kaɗai na tsira da shi kafin uwarka ta sa kwaɗo. Da shi nake zuba wa gwiwoyina ruwa. An ce a rufe ido, na rufe. Ka san in ka rufe ido a gabanta ja kake gani, irin jan da kake gani in an buɗe bakin murhu. Ɗumi ya bugi fuskata, ya sauko ƙirjina. Ga Asabar, ga ƙamshin jiƙaƙƙen katako. Sai na ji kamar kakanka yana nan sama da ni a bencinsa na sauna, yana jira. Ban yi shawara da kowa ba, Nolan. Hannun ne ya tafi da kansa."

"Kika watsa mata."

"Cike da ludayi. Kuma watsi mai kyau, kakanka da ya yaba."

"Ƙafafunki suna cikin ruwa! Mummu, kin san da yanzu wani zancen ake yi?"

"Na sani. Ta ce fas, wuta ta ɗauke. Soket ɗin banɗakin irin mai katse wuta ne, shi ya cece ni. Na zauna cikin duhu ina zagin kaina, duk zagin da na tanadar maka na bana a kaina ya ƙare. Na lulluɓe ta ne ko za ta bushe ta tashi kafin wani munafuki ya zo."

"Ga shi ya zo."

"Ga shi ya zo, har ya sha mini gahawa."

Ta yi ɗan murmushi, amma bai daɗe ba.

"Ba na kushe fitilar nan, ba ta yi mini laifi ba. Yatsuna sun ɗan saki, ko ita ce ko ɗumin ne, oho. Amma bebiya ce. Ka zauna a gabanta har gobe, ba za ta ce maka uffan ba. Kakanka ma ba mai magana ba ne, ka sani. Sai mu yi mako a gidan nan, abin da zan ji daga bakinsa bai wuce 'miƙo gishiri' ba. Amma ran Asabar shi zai hura wuta, ni ke watsa ruwa. In duwatsu suka amsa, tururi ya hau sama ya sauko mana a kafaɗa, sai ya ja dogon numfashi ya ce, 'Yauwa, Lempi.' Shi ke nan hirarmu. A ciki yake godiya, a ciki yake ba ni haƙuri in ya ɓata mini. Ranar da muka binne ƙanin uwarka ma, abin da ya iya ce mini ke nan. Tun da ya tafi, ni ke hurawa ni ke watsawa, duwatsun suna amsawa, ragowar kuma kunnena ya cika mini. Yanzu an kulle. Kewarsa nake yi, yaro. Ba ruɗewa ba ce, kewa ce, kuma ban san wadda ta fi wata muni ba."

Nolan ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tuna yana ƙarami, a bencin ƙasa, kansa tsakanin gwiwoyi, ƙafafun kakansa suna reto a samansa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Lorna ce.

Lempi ta ga sunan. Ba ta roƙe shi ba, ba ta ko dube shi ba. Ta ɗauki tsumma ta shiga goge teburin da ba abin da ya same shi. Ƙarya tana nan a saman harshensa, mai sauƙi: fitila lafiya, tsohuwa lafiya. Amma in wani abu ya faru a tsakiyar hunturu fa? Ya danna, ya ajiye wayar a tebur yadda kowa zai ji.

"Yaya ka same ta?" in ji Lorna. "Tana amfani da fitilar?"

"Ta yi amfani da ita, Mama. Har ta watsa mata ruwa."

"Ta yi me?"

"Fitilar ta mutu. Ita ba abin da ya same ta."

"Ruwa a kan lantarki? Shi ke nan, magana ta ƙare. Ka fara haɗa mata kaya, gobe ina hanya."

Tsumman ya tsaya cak a hannun Lempi.

"Mama, saurara. Da ludayin Pappa, babanki, ta watsa."

Nolan ya duba ko wayar ta katse.

"Ranar Asabar?" Lorna ta tambaya, muryarta ta sauka.

"Ranar Asabar. Ido a rufe."

"Duk da haka. Mai cikakken hankali ba zai..."

"Wace ce aka kusa kora daga wurin motsa jiki a Green Bay, don ta juye ruwan gorarta a murhun lantarkin saunarsu, alhali ga sanarwa ɓaro-ɓaro a bango an ce kada a zuba?" in ji Nolan.

"Wancan daban! Sauna ce babu tururi, mutane zaune kamar dankali a tanderu. Hannuna ne kawai ya..." Ta katse kanta.

"Jinina ce," in ji Lempi, tana magana da tsumma. "Na fara shakka, amma jinina ce."

"Ina jin ki, Mama," in ji Lorna. Da dariya a muryarta, da kuma abin da ya fi kama da kuka. "Ni ma ina kewarsa. Amma ba kewa ce ta kwantar da ke cikin ƙanƙara ba, itace ne. In na buɗe saunar nan, wa zai share hanya? Wa zai ɗauki itace da ruwa? Wa zai zauna a bakin ƙofa ko jiri zai ɗebe ki?"

Nolan ya dubi akori-kurarsa ta taga. Ya tuna sansani, da naman gashi, da kamun kifi a kan daskararren tafki, da duk Asabar ɗin da Allah ya halitta domin samari. Sai ya ji wani sakarai yana cewa, "Ni," kuma da muryarsa.

"Kai? Kowace Asabar?"

"Kada ki yarda, Lorna," Lempi ta yi caraf. "Wannan ko ashana bai iya ƙyastawa ba. Zai ƙone mini gadon mijina."

"Kin ji ko, Mama? A zo a ɗauke ta kawai."

"Ku yi mini shiru ku biyun!" Lorna ta ja numfashi. "Zan ce musu su ba wani ɗakin. Zuwa narkewar ƙanƙara, mu gani. Amma Nolan, ka tsallake Asabar ɗaya, ɗaya tak, ka ga motata a ƙofar gida. Ke kuma Mama, ba ki ba taɓa itace. Kuma in na aiko da wata fitilar, a falo za ta zauna, nesa da bokiti."

"Ki aiko. Zan riƙa gaishe ta kullum da safe."

Da aka gama wayar, Lempi ta miƙe kamar an rage mata shekara goma.

"To me kake jira? Tashi. Ƙaton banza, rana tana tafiya."

Ya ɗauko makullin daga aljihun mota, inda ya kwana biyu cikin tarkace. Ya share hanya tun daga baranda har bakin rafi, ya barbaɗa yashi. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da ya sha duka kafin ya buɗe. Ƙamshin tsohon hayaƙi da katako ya tarye shi a bakin ƙofa, ya ɗan tsaya kafin ya shiga. Lempi kuwa ta sa an fito mata da kujera baranda, ta naɗe cikin bargon fitila, tana ba da umarni da iyakar muryarta.

"Ba wannan itacen ba! Wannan na dafa shayi ne. Na ƙasa, busasshen!"

"Duk itace itace ne."

"Haka duk namiji namiji ne, ga ka nan. Ɓawo ake fara sawa, ba jarida ba. Wayyo, Reino, zo ka ga abin da ka bar mini!"

"In kika ƙara magana na tafi farautata."

"Tafi mana, bareyin sun yi kewarka. Tun safe ba wanda ya ba su dariya."

Wayarsa ta yi ta ƙara, abokai suna nemansa, ya kife ta a kan itace. Ya ɗebo ruwa daga rafi har bayansa ya ƙage. Can sai hayaƙi ya fara fita daga bututu, fari tukuna, sannan ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi. Daga baranda aka daina zagi. Da ya waiwaya, ya ga tsohuwar ta ɗaga kai tana bin hayaƙin da kallo, bakinta a ɗan buɗe. Ya yi kamar bai gani ba, ya koma ya ƙara itace.

Sai da la'asar ta yi duwatsun suka yi yadda take so. Ya riƙo hannunta suka gangara, ludayin yana ɗaya hannun, ta ƙi ba shi ya riƙe mata. A ɗan ɗakin sauya kaya ta nuna masa ƙofar waje, ya fita har ta shige ciki, sannan ya dawo ya zauna a benci, ya jingina da ƙofar da ke tsakaninsu.

"Bencin ƙasa kawai, Mummu. Kuma ki riƙa magana in san kina da rai."

"Yau kuma magana ake roƙona? Ɗazu ka ce in yi shiru."

"Ki zage ni ma na yarda."

"Ba a zagi a nan. Ba a koya maka komai ba?"

Ya ji ƙarar benci, ya ji ludayi ya taɓa bokiti. Sannan ruwa ya sauka a kan duwatsu.

Tsssss.

Sautin ya cika ɗan ɗakin, ya yi sama, ya daɗe kafin ya lafa. Ɗumi ya ratso ta tsagin ƙofa ya kwanta masa a wuya da kafaɗun da suka yini suna ɗaukar kaya. Ya lumshe ido. Bai yi shawara da kowa ba, bakin ne ya tafi da kansa. Ya ja dogon numfashi, ya ce, "Yauwa."

Ba motsi daga ciki.

"Mummu?"

Shiru.

"Mummu! Zan buɗe ƙofar nan fa!"

"Buɗe ka ga yadda ake fasa kai da ludayi." Ta ja hanci, sai kuma dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabonsa da jin ta tun kakansa yana da rai. "Ja'iri. Jabun nan dai ya fara kama da na asali."

"Me kika ce? Ban ji ba, sake faɗa."

"Na ce burodin nan da ke kan tebur, ba wasu mutanen coci. Na san ta nan za ka bi in za ka daji. Ka ɗauki biyu."

"Uku."

"Kwashe duka, maye."

Ya yunƙura zai tashi, benci ya yi ƙara.

"Ina za ka?"

"Burodina."

"Ba gudu zai yi ba. Zauna nan inda kake, kusa da ƙofa." Ya ji ludayin ya sake nutsewa cikin bokiti. "Zan ƙara watsawa."